Saƙon Likitan Karnuka

Yau a Kanan-Bakashe, kare ko atishawa ya yi wa mutum, za ka ga an jawo buta da sabulu ana dirzar wurin kamar za a saɓule fatar, wani kuma tuni ya tada moto, sai asibiti. Tsofaffin da muka taso muka tarar suna ƙona gashin kare su kwaɓa da man shanu su cusa a cizo, yanzu su ne ke yi maka tsawa in ka daina wankin da wuri. In ka tambayi ƴan lakwal, masu karatun boko, wa ya kawo mana wannan wayewa, su ce maka likitan karnuka. Ban ƙaryata su ba. Mutumin ya yi rubutu a kan ciwon haukan kare wanda in aka jera takardun daga Yamai sai sun kai Tasawa, su yi kwana su shiga Korgom. Turawa na karanta shi, ana gayyatarsa taro a ƙasashen da in na ce zan faɗi sunansu sai na ciji harshe. Sai dai a garinmu babu wanda ya taɓa karanta ko layi ɗaya. Mu da ido muka yi namu karatun, a jikin taubashina, kuma da hannuna a ciki dumu-dumu.

Lokacin ina kabu-kabu, haya da babur. Motona ya girmi wasu ministoci, in ya taso daga Mayahi matan Isawan na jin tarinsa su kwashe shanya. Likitan ya zo mana wata bazara cikin farar mota kat-kat, dogo, siriri, da tabarau, Hausarsa irin ta ƴan Yamai, tana tafiya tana tuntuɓe. Aikinsa biyu ne. Yana yi wa karnuka allura, kuma duk karen da ya ciji mutum aka kashe shi, yana son kansa. Kan kawai, sauran ya bar wa ungulu. Ya ce a cikin ƙwaƙwalwa ake gane ko kare ya haukace. Ƴan tasha kaf suka ƙi ɗaukar wannan kaya, suka ce in aka ji ba su ƙara samun fasinja. Ni na ce a kawo. Fasinjan da ba ya gardama, ba ya cewa a tsaya ya yi fitsari, ba ya ce maka gudu ya yi yawa, ina zan ƙara samun irinsa? Aka ba ni safar hannu ta roba da akwatin ƙanƙara da lambar salularsa. Nakan kai akwatin Tasawa a sa shi a motar Yamai, can su kai ɗakin awonsu. Ƙudajen Mayahi da na Tasawa duk sun san ni, suna yi mani rakiya har bakin kwalta.

Taubashina mahauci ne. Ubansa da uwata ciki ɗaya suka fito, ni ɗan mace, shi ɗan namiji, don haka tun muna yawo ba wando yake kirana bawa, ni kuma ina ce mashi ubangidan banza. Dokar taubasai kowa ya san ta: abin da ka yi wa ɗan'uwanka ka yi banza, ba fushi, ba kai ƙara, wanda ya ɓata rai shi ya faɗi. Wasu taubasan zagi kawai suke yi su wuce. Namu wasan sai an ji a jiki. Shi ne ya taɓa raɗa wa jandarmomi a shinge cewa motona na sata ne. Na wuni a rana har kaina ya isa a soya ƙwai, shi kuwa ya wuce ta gabana sau uku yana yi mani sannu da hutawa. Ni kuma na same shi wata safiya da jajayen idanu na ce surukinsa na Isawan ya cika. Ya rufe rumfa, ya zura babbar riga, ya hau amalanke, ya shiga gidan da salati da kuka, sai ga tsoho zaune a gindin itacen bedi yana shan fura. Tsohon ya ɗaga kai ya tambaye shi wa ya mutu. Shekara biyu bai iya haɗa ido da shi ba.

Alƙalanmu ƴan kasuwa ne. Su ke riƙe da labarin wa ya kwantar da wa, kuma ba su mantuwa.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, da hantsi. Wani jan kare wanda ba na kowa ba ya shigo layin mahauta. Karnukan kasuwa sun san iyakarsu, nesa suke tsayawa su jira ƙashi. Wannan ko kallon nama bai yi ba. Ya taho kai tsaye, wutsiya a ƙasa, yawu na dalala, ya ciji ƙafar tebur, ya ciji igiyar da ke rataye. Taubashina ya kai hannu zai ture shi, ya cafke shi tsakanin babban yatsa da manuni. Huji biyu ne ƙanana, jinin bai cika cokali ba. Mutane suka yi kan karen da sanduna, ni kuma ina zagaya su ina ihu kar a taɓa kan, kar a fasa kan, sai ka ce ƙanin ubana ake duka. Aka yi ta dariya, wai ga ɗan'uwansa na zubar da jini shi yana kare kan kare. Wani tsohon maharbi da ake ji da shi ya yanki gashin wutsiyar, ya ƙona, ya kwaɓa da man shanu, ya cusa a ramukan, ya ɗaure da tsumma. Na san likita ya ce sabulu da ruwa mai yawa, na ji shi ya faɗa sau ɗari. Na faɗa sau ɗaya, ina dariya. Taubashina ya ce tun yaushe bawa ke koya wa ubangidansa wanka. Na sa safar hannu, na ɗauki kayana, na yi Tasawa.

Daga washegari na buɗe mashi wuta. In na hango shi sai in yi haushi. Na samo fasasshen kasko na zuba ƙasusuwa na ajiye a ƙofar gidansa. Na baza a tasha cewa likita ya auna wuyansa da ido, ya ce kan zai shiga akwatin in aka rage kunnuwa. Na ce nan da wata guda da ƙafa huɗu zai riƙa zuwa masallaci. Yana ramawa, amma ƴan kasuwa sun ce makon nan nawa ne.

Da na tsaya a nan, da yau yana raye yana zagina.

Akwai wani abokina mai shayi a tashar Tasawa, ya zauna Yamai, ya iya kwaikwayon Hausarsu har da ɗan faransanci a kai. Kwana uku da cizon na shirya da shi. Na isa rumfar taubashina da fuskar ta'aziyya, na miƙa mashi salula na ce likita ne. Mai shayi ya gyara murya ya ce an auna kan, kare mahaukaci ne, ya taho yanzu-yanzu, allura arba'in za a yi mashi a cibiya, kowace kamar tsinken tsire. Mutumin da ke kwantar da bijimi shi kaɗai, sai ga gumi na tsiyaya daga gemunsa. Ya bar nama a tebur, ya shiga gida ya yi sallama da matarsa, ya durƙusa gaban ubansa, kawuna, ya nemi gafara. Ya hau bayana yana ta jan salati. Na nufi Mayahi da shi. Da muka kai wata rijiyar makiyaya, inda babu ko inuwar da kaza za ta raɓa, na ce moto ya yi zafi, ya sauka ya tura. Yana sa ƙafa ƙasa na murɗa.

Da ƙafa ya dawo, cikin ranar bazara, takalmi guda ya tsinke. Ya iso bayan la'asar, leɓunansa sun tsage. Na riga na gaya wa ƴan kasuwa, suna jiransa a bakin gari, suka tarbe shi da haushi kamar an buɗe gidan maharba. Naman da ya bari ya yi kore. Ya yi dariya, tunda doka ta ce ya yi, amma haƙora ne kawai. Ya dube ni a gaban kowa.

"Bawa, na gode," in ji shi. "Ku zama shaida, jama'a. In kuka ƙara ganina a bayan moton wannan a kan maganar kare, ku sake mani suna."

Aka tafa. Ni na fi kowa tafi.

Bayan kwana huɗu, da safe, ina tashar Mayahi ina cin ƙosai, salula ta yi kuka. Likita ne, na gaske. Ko gaisuwa bai yi ba. Ya ce kan da na kai na ranar kasuwa ya fito da ciwon. Ya tambayi wa aka ciza, a ina. Na ce a hannu. Ya tambaya an wanke, na ce an dai yi magani. Ya ce in kai mutumin Maraɗi yau, ba gobe ba, ya riga ya yi magana da mutanen can, allurar na cikin sanyi tana jiransa, a dantse ake yi, ƴan kaɗan ne cikin wasu kwanaki. Ya ce shi jirgi zai shiga da yamma, yana da taro a waje. Na watsar da ƙosan na hau moto.

Ban taɓa gudu a moto irin na ranar ba. Na isa layin mahauta da ƙura har cikin kunne, na tsaya gaban teburinsa na faɗa mashi yadda aka faɗa mani, ban ƙara ko gishiri ba, abin da ban taɓa yi ba tun da aka yaye ni. Sai mai kanwa da ke gefe ya tuntsire, layin duk ya ɗauka. Suka ce dabara ta ƙare mani, na koma ɗumame. Taubashina bai ko ɗaga kai daga haƙarƙarin da yake sara ba. Na rantse da Allah. Suka ce wancan karon ma na rantse. Na kira likita na danna mashi salular a kunne.

"A'a, mai shayi, ina kwana," in ji taubashina. "Yaya tasha? Ka ƙara sukari a muryar, ba ta yi kama ba." Likita ya fara bayani, shi kuwa ya yi mashi haushi uku masu kyau. Likita ya fusata ya juye faransanci. Taubashina ya ɗaga salular sama don kowa ya ji, ya ce wallahi yaron nan yana ƙoƙari, a ƙara mashi kwana biyu zai zama gwamna. Da na karɓa an kashe. Na sake kira har yatsana ya ƙage. Da yamma layin ya rufe gaba ɗaya.

Na tafi wurin manjo, babban ma'aikacin asibitin garinmu, na jawo shi da farar rigarsa har kasuwa. Matsalar, ranar rijiya shi ma yana bakin gari, an ga haƙoransa. Taubashina ya ce, haba manjo, har da kai. Manjo mutum ne mai tsoron a yi dariya da shi. Ya ce shi dai bai ga takarda ba, abin da wannan ya gaya mashi ne kawai, ya nuna ni da leɓe, amma zuwa Maraɗi ba laifi ba ne, in da hali. Wannan "ban ga takarda ba" ita ce mutane suka ɗauka suka tafi da ita gida.

Na je wurin liman na ce a kawo Alƙur'ani in dafa a gaban jama'a. Ya ce ba za a shigar da Littafi cikin wasan taubasai ba, ya kuma tuna mani ni ne na taɓa rantsuwa na ga kada a rijiyar Korgom. Na je wurin kawu. Ya ce in bar mashi ɗa ya huta, wancan karon ya sa shi zubar da hawaye a banza da tsufansa. Mutum ɗaya ya yarda da ni, uwata. Ta daɗe tana kallona, ta ce ita ta haife ni amma ba ta san wannan fuskar ba. Ta ɗauki mayafi ta tafi wurin wanta. Ya ce mata ɗanta ne, dole ta tare mashi. Matar taubashina ta ji tsoro, ta roƙe shi ya je ko don ita. Ya ce in ya je ya tarar wata rijiyar ce, da wane ido zai ƙara sayar da nama a kasuwar nan? Ya kwance tsumman ya nuna mata. Ciwon ya rufe, ya bushe, maganin maharbi ya yi aikinsa.

Kasuwa ta zagayo. Na cire hula a tsakiyar layin mahauta, na durƙusa a cikin jini da ƙuda, na kama ƙafarsa na yi kuka. Kuka na gaske, da majina. Mutane suka taru har da na kan raƙuma. Suka ce tun da nake wasa ban taɓa yin mai kyau irin wannan ba. Wata tsohuwa mai daddawa ta kwance bakin zane ta ba ni goro, ta ce Allah ya ƙara basira. Kashegari na ɗauko ƙarti biyu daga tasha da igiya, na ce mu ɗaure shi mu aza a mota ko yana so ko ba ya so. Dariya ta hana su riƙe igiyar. Ya biyo mu da wutsiyar saniya har bakin masallaci, gari na ta shewa.

Sai kwanaki suka yi ta tafiya, shi kuwa ƙiba ma yake yi. Kullum da safe in na wuce sai ya ɗaga wuƙa ya ce, bawa, yau ma ban yi haushi ba. Na tuna likita ya taɓa cewa ba kowa aka ciza ke kamuwa ba, na riƙe wannan magana kamar laya. Na fara ce wa kaina ƙila a Yamai sun rikita kawunan, ai kan kare duk kama ɗaya ne. Na daina kiran lambar. Abin da ya fi komi muni, kuma zan faɗe shi tunda na fara, na koma yi mashi haushi. Ya fi sauƙi. In na yi haushi aka yi dariya, sai in ji kamar likita bai taɓa kirana ba.

An yi ruwan farko, an fara shuka, sai ga farar kat-kat ta ratso kasuwa ta tsaya daidai layin mahauta. Likita ya sauko. Ya dawo daga taronsa, ya tambaya a Maraɗi aka ce ba wanda ya zo. Ya ce ina mutumin da ya yi mashi haushi a salula. Muryar nan ce, mai tuntuɓe, kowa ya ji ta ranar da aka ɗaga salular sama. Kasuwa ta mutu, har injin niƙa sai da aka kashe. Taubashina ya dubi likita, ya dubi tabarau, ya dubi motar, sannan ya dube ni. Kwana biyu kenan yana sosa hannun, yana cewa gishiri ne ya shiga.

Likita ya sa safar hannu ya juya tabon. Ya tambaye shi yana ƙaiƙayi, ya ce e. Kamar tururuwa na tafiya a ciki har kafaɗa? E. Jiki da zafi, barci ya ƙi? E. Sai ya ce a kawo ruwa a kofi. Aka kawo daga randa, mai sanyi. Taubashina ya karɓa da sauri don da ƙishi yake. Kofin na isa leɓensa maƙogwaronsa ya shaƙe, wuyansa ya sanƙare, ya yi jifa da shi. Ya yi dariya ya ce hannunsa ne ya zame. Aka sake cikawa. Wannan karon ko ɗagawa bai gama ba. Likita ya dubi agogo, ya fiddo ɗan littafi daga aljihu ya rubuta.

"To, Doktor, mu tafi a yi allurar," in ji taubashina. "Ko a cibiyar ce, na yarda."

"Allura tana tare ciwo ne kafin ya kai ga kai," in ji likita. "Ya riga ya kai."

Haka ya faɗa, a tsaye, a gaban masu sayen tumbi da hanji. Ban ce mugu ba ne. Ya raka mu gida, ya bar wa manjo maganin da zai riƙa kwantar da shi, ya yi wa mata bayanin yadda za su kiyayi yawunsa. Amma ya nemi a ba shi yawun a ƴar kwalba, da ɗan tsokar fata daga ƙeya, ya ce zai taimaki wasu. Kawu ya yarda, don ya ɗauka wani irin magani ne. Na ga yadda likita ya ɗaga kwalbar a haske yana juyawa, na ga mutumin da ya daɗe yana neman abu ya samu. Ya sa ta a ƙanƙara, ya rufe akwatin, ya miƙo mani. Aikina ne. Na ɗaure a bayan moto na kai Tasawa.

Tunda an ce ba magani, kawu ya hana a kai shi ko'ina. Aka sa shi a ɗakin ƙofar gida. Rana ta farko yana zaune yana magana, ta biyu sai da aka ɗaure shi a gado da rawani. Matarsa ta ɗauki mafici za ta yi mashi fifita, iskar na taɓa fuskarsa ya zabura kamar an watsa mashi garwashi. Ƙarar zuba ruwa a buta kaɗai ta isa ta murɗe shi, har aka koma yin alwala a gidan maƙwabta. Yana kiran ruwa, ana kawowa yana roƙon a fita da shi.

Ƴan kasuwa ba su yashe mu ba. Sun zo, har daga ƙauyukan da ba su san shi ba. Suka cika ƙofar gida, wasu suka hau katanga, wasu suna layi a taga. Ana gardama ko ya fara haushi ko da saura. Wani bafatake ya ja ni gefe ya tambaye ni da gaske ne da ƙafa huɗu yake tafiya, don haka ya ji a tasha. Na ce ƙarya ce. Ya ce ai daga bakin ɗan'uwansa aka ji.

Rana ta uku, bayan azahar, ya lafa. Ciwon haka yake, yakan saki mutum ya dawo hankalinsa sarai, don ya san abin da ake ciki. Ya ce a kira ni. Na shiga. Mutumin da a da in ya zauna a benci sai bencin ya yi salati, ya koma kamar an matse shi. Idanun ne kawai nasa.

"Bawa."

"Na'am, ubangidana."

"Tura ƙofar, iska na yanka ni." Na tura. Ya daɗe yana tattara numfashi. "Wasan ya isa hakanan. Na gaji. Ka ce wasa ne."

Na zauna a bakin gadon. Na ce wasa ne mana. Na ce mai shayi ne ya ari tabarau, kat-kat ɗin ta wani ɗan siyasa ce muka wanke, ruwan kofin kuwa barkono na zuba a ciki. Na ce ya tashi, an kawo wani bijimi daga Isawan wanda ƙahonsa ya tsinke wayar lantarki a hanya, duk mahautan garin sun gudu, shi ake jira. Yana saurare, bakinsa na motsi. Ya fara dariya, ta gaske wannan karon, irin wadda yake yi muna yara. Sai dariyar ta maƙale a maƙogwaro, ta fito da wata ƙara mai kaushi, ta sake fitowa, jikinsa ya ɗaga har rawanin ya ja ƙafar gado.

A waje wani ya ce, ga shi nan, ya fara. Na ji ƙafafu na rige-rige zuwa taga.

Ya cika washegari da hantsi. Sai wankan gawa ya zama magana. Masu yi kullum kowa ya sami uzuri, wannan yana da yanka a yatsa, wancan bayansa ya riƙe. Manjo ya ce ciwon ba ya tsallakowa haka kawai in an sa safar hannu, amma shi ma daga soro yake bayanin. Sai aka tuna a duk garin mutum ɗaya ne ke da allurar a jikinsa. Kafin likita ya ba ni akwatin, sai da ya yi mani ita, saboda kawunan da zan riƙa ɗauka. Na manta ma an yi, ko cizon sauro ya fi ta zafi. Liman ya tsaya a bakin ƙofa yana gaya mani abin da zan yi, dama kafin hagu, ni kuma ina zubawa. Ruwa ya bi fuskarsa, ya shiga gemunsa, ya kwanta a gefen bakinsa, bai motsa ba.

Ranar sadakar bakwai ta zo daidai da ranar da mutanen likita suka dawo yi wa karnuka allura. A da sai sun bi gida-gida suna roƙo, mutane na ɓoye karnuka a rumbu. Ranar nan layi ya tashi daga kasuwa ya wuce makabarta. Makiyaya sun zo da nasu a kan jakuna, wata mata har da kyanwa, na rantse wani ya jawo akuya don ta taɓa lasar kare. Likita ya kira ni a salula, murya cike da murna, ya ce duk yawonsa bai taɓa ganin garin da ya fito haka ba, zai rubuta wannan. Ya tambayi shekarun mamacin, na gaya mashi. Ya ce ya gode da haɗin kai.

Muna zaune a ƙofar gidan kawu, kukan karnuka na zuwa mana daga kasuwa, aka shafa fatiha. Mutane suka fara neman takalmansu. Kawu bai yi mani magana ba tun ranar kofin ruwa, bai kuma hana ni shiga gidansa ba. Sai ya ɗaga hannu ya ce in matso. Na matso na durƙusa. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya tsaya da takalmi a hannu.

"Ɗan ƙanwata, kai ka yi nasara," in ji shi. "Gidan nan babu sauran wanda za ka yi wasa da shi. Ka gaida uwarka."

Can bayan taro wani ya fara dariya, don ya saba in an ambace ni dariya ake yi. Ya ga shi kaɗai ne, ya mayar da ita tari. Na ce za ta ji, kawu. Na tashi na nemi takalmina.